Igiyar Da Na Kai Makka

Tun da na dawo daga Umra ban sami sukunin aiki ba. Duk wanda ya shigo shagona sai ya zauna a kan katakon da nake gogewa, ya ce in ba shi labarin Makka. Na yi ta bayarwa har makogwarona ya bushe, ƙofar da Hajiya Tabawa ta ba ni aiki kuwa har yau ban kafa mata ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya zo in miƙa masa takarda in koma kan zartona.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haruna, kafinta ne ni a wani ƙauye wajen Doguwa, inda daji bai gama ƙarewa ba. Gidanmu gidan maharba ne. In an gama girbi nakan ajiye guduma in ɗauki baka da kwari in tafi dakon mazo. Mazo, ga 'yan birni, ɗan'uwan barewa ne, ja mai zanen fari, kuma babu dabbar da ta kai shi jin wari. Ba a binsa da gudu. Gadon sanduna ake ɗaurawa a kan bishiyar da yake zuwa cin 'ya'yanta, mutum ya hau ya yi shiru ya jira. Duk gwanintar tana wajen tsayin da za a ɗaura gadon, kuma a kan tsayin nan ne gidanmu ya rabu biyu.

Ina ɗan shekara uku aka yi abin. Babana Sallau da wansa, Baffa Ilu, suka ga sawun mazo a gindin wata kanya a bakin rafi. Suka ɗauko igiyar kakanmu, wadda aka yi wa ƙulli a kowace gaba, wato tsawon hannu biyu in mutum ya buɗe su. Baffa ya ce a ɗaura gado a gaba huɗu, Baba ya ce biyu da rabi ta isa. Maganar babba ta rinjaya. Washegari Baba ya tafi dako shi kaɗai, ya faɗo, ƙugunsa ya karye, makiyaya suka tsince shi a kan hanya yana jan jiki. Gari duka ya ɗora wa Baffa laifi, har mahaifiyarsu ta daina amsa gaisuwarsa. Shekara na zagayowa ya bi alhazai, bai sake dawowa ba. Ni ma na tashi da haushinsa, domin kullum ina ganin ubana yana ɗingishi.

Saura kwana uku in tashi zuwa Umra Baba ya kira ni ɗakinsa, ya sa na rufe ƙofa. Sunan mahaifinsu aka sa mini, saboda haka Babana yake kirana. Ya zaro igiyar nan daga ƙarƙashin katifa ya ɗora mini a cinya.

"Babana, ka nemi Yaya Ilu ka ba shi wannan. Ka ce masa ba daga gaba huɗu na faɗo ba. Da na je da safen nan ni na kwance gadon da hannuna na sauko da shi inda nake so, ban duba reshen ba, ashe gara ta cinye cikinsa. Da aka hau zaginsa na yi shiru. Shekara arba'in da biyu ke nan ina shiru. Ka roƙar mini shi ya yafe, kada in je kabari da wannan."

Kunya ta kama ni kamar ni na yi, tsoro kuma ya biyo baya, domin ban san yadda ake shiga gidan mutumin da aka raba da uwarsa da garinsa a kan ƙarya a ce masa ya yi haƙuri ba. Baba ya so in tafi da baka ma, wai ko Baffa zai yi marmari. Na ce masa in na shiga filin jirgi da kwari a kafaɗa, labarina a rediyo zai ji shi.

A filin jirgin Kano na haɗu da abokin tafiya, Malam Tanimu, mai sayar da taki daga Gumel. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Makka, shekaru da dama da suka wuce, amma in yana magana sai ka rantse da shi aka yi safiyon garin. Shi ya koya mini ɗaura harami, ya ɗaure ni tamau kamar buhun masara. Abin da ya fi damuna shi ne harami ba shi da aljihu. Ni kuwa tun ina saurayi ban taɓa fita ba tef ɗin awo a jikina ba. Haka na yi ta lalubar cinyata cikin jirgi ina jin kamar na bar wata gaɓa a gida. Da jirgi ya ɗaga na leƙa taga sau ɗaya, na ga gonaki sun koma kamar faci a riga, na rufe labule na kama salati har Jidda.

A wajen duba fasfo aka ce kowa ya ɗora yatsunsa a kan wani gilashi. Kowa ya ɗora ya wuce, ni na ɗora na'ura ta ƙi ni. Shekara talatin ina goge katako, zanen yatsuna ya shafe sumul. Ma'aikacin, wani saurayi mai haƙuri, ya shafa mini wani ruwa, ya danna, ya juya, ya sa na goga yatsa a goshi, layi kuwa ya taru a bayana ana ta tsaki da harsuna iri-iri. A karo na shida ta karɓa. Ban gama murna ba masu binciken kaya suka zaro igiyar Baba, baƙa ƙirin don tsufa, ga ƙulle-ƙulle. Suka yi ta juya ta suna kallona. Malam Tanimu ya matso da Larabcinsa na taki, ya yi ta nuna bishiya da hannu yana kwaikwayon harbi, abin da ya ƙara dagula lamarin. Ni dai na buɗe hannuwana biyu na auna musu gaba ɗaya daga ƙulli zuwa ƙulli. Babbansu ya yi dariya ya ce "Mitir, mitir," ya mayar mini da ita cikin jaka.

Masaukinmu a hawa na goma sha ɗaya yake, mu huɗu a ɗaki. Makullin wani ɗan kati ne, na'urar sanyi kuwa Malam Tanimu ya ƙure ta, wai haka 'yan gari suke yi, muka kwana muna kakkarwa a ƙasar da ake ba mu tsoron zafinta. Da safe aka kawo wake dakakke da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi kamar faifai. Na ci na ƙoshi, amma har azahar cikina yana tambayata ina kokon.

Ganin Ka'aba ba zan iya kwatanta muku shi ba. Duk addu'o'in da na tanada tun daga gida suka gudu, na tsaya ina kuka kamar yaron da aka yaye. Abu ɗaya na iya roƙo, Allah Ya sa Baffa yana raye, Ya kuma sanyaya zuciyarsa. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, aka aske mu tal.

Wani abu da zai ba maharba mamaki shi ne tantabarun garin. Garke-garke suke, ƙosassu, suna tafiya tsakanin ƙafafun mutane ba ko gezau. A Makka ba a farauta, ba a korar tsuntsu, ba a saran itacen da ya tsiro da kansa. Wata ta sauka dab da takalmina ta kalle ni ido cikin ido, na ji yatsuna suna motsi da kansu, na yi istigfari. Shi kuwa Malam Tanimu fara ce ta jarrabe shi. Ya ga wasu manya-manya a farfajiyar masallaci, ya tsaya yana haɗiyar yawu yana lissafin yajin da za su ci. Sai da na ja shi da hannu.

Rana ta uku na shiga neman Baffa. Abin da muke da shi kawai tsohon kwatance ne da wani alhaji ya kawo tun ina makaranta, wai unguwar Nakkasa, saman dutse, kusa da mai tsire. Malam Tanimu ya ce ya san wurin kamar tafin hannunsa. Muka hau tasi, aka sauke mu, sai ga fili fetal da tarin duwatsu da motocin rusau, gidaje 'yan kaɗan suka rage a gefe. Malam Tanimu ya juya gabas ya juya yamma, ya ce lallai an matsar da dutsen. Na ce shi ke nan, da igiyar nan zan koma.

Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne ya cece mu. Muka bi shi har wata 'yar rumfa inda wani dattijo yake gasa tsire, muka yi sallama da Hausa ya amsa da Hausar Sakkwato tsantsa. Na tambaye shi Ilu maharbi, ya ce bai taɓa jin maharbi a Makka ba, me zai harba? Na ce gajere ne, mutumin Doguwa, ba ya son yawan magana.

"Ilyasu mai maguna kake nufi," in ji shi. "Ai tun da anka rushe nan ɗiyatai ta ɗauke shi, suna wata unguwa da aka ce ma Shisha. Bari in buga ma jawwal ɗinta, wayarta ke nan."

Gidan bene ne mai hawa uku a jikin tudu. Wata mata mai kamar shekara talatin da biyar ta buɗe ƙofa, ina ganin goshinta na ga na gidanmu. Hadiza ce, 'yar Baffa, haihuwar Makka, Hausarta rabi Larabci.

"Ahlan, ɗan ammina. Tafaddal, shigo, shigo. Abuya yana sama wajen maguna, kullum shugul ɗinsa ke nan. Tun da aka buga waya bai zauna ba, marra ya rikice."

Na same shi a saman rufi, ɗan tsoho fari fat da gemu, maguna bakwai sun kewaye shi yana yayyaga musu kaza. Mutumin da aka ce kibiyarsa ba ta kuskure, ga shi mage tana taka masa ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Babana ne? Da na tafi ko wando ba ka sawa." Ya rungume ni, na ji duk haushin da na tara tun ina yaro ya zube.

Ba a bar ni na yi magana ba. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka kawo wani faranti kamar murfin rijiya, shinkafa da rabin ɗan akuya a kai, kowa ya sa hannu. A gida in baƙo ya ce ya ƙoshi akan ƙyale shi, can kuwa cewa ka ƙoshi kamar ka ce a ƙaro ne. Bayan nan ga shayi a 'yan ƙananan kofuna, ga dabino. Baffa ya yi ta tambayar mutanen da rabinsu sun rasu, ya ba ni labarin leburancin gini da ya yi, da gadin gida, da girkin alhazai a Arfa. Sunan Baba ne kaɗai bai ambata ba. Sau biyu ina buɗe baki, sau biyu Malam Tanimu yana cusa labarin farashin taki. Daga ƙarshe Hadiza ta lura, ta ja shi falo wai ya zo ya ga hotunan tsohuwar unguwarsu.

Na zaro igiyar na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya shinshina, ya bi ƙullin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuyar da kai na faɗi saƙon Baba kaf, ban rage ko kalma ba. Da na gama na zauna ina jiran ya nuna mini ƙofa.

"Shi ke nan saƙon?" in ji shi.

Na ce shi ke nan, Baffa.

"Ai na sani. Wa kake tsammani ya kwanto igiyar nan daga kanyar? Ranar da aka kawo shi gida, da la'asar na je. Na tarar da gadon a ƙasa, reshen ya ɓalle, gara tana zuba daga ciki."

Na ɗago na dube shi. Na ce to me ya sa bai faɗa ba, ya bari aka yi ta zaginsa?

"Ƙanena yana kwance ƙugu a karye, ga mata ga ƙaramin ɗa. In na faɗa, a ce Sallau ya hau reshen da gara ta ci bai buga ya ji ba, da wane ido zai ƙara zama cikin maharba? Ƙafa ta tafi, sai kuma in ƙwace masa suna? Ni babba ne, zagi ba ya karya ƙashi. Na taho da niyyar shekara biyu ƙura ta lafa. Sai takardar zama, sai aure, sai 'ya'ya, sai Inna ta rasu ban je ba. Daga nan kuma na ji nauyin in neme shi, kada ya ji muryata abin ya dawo masa sabo." Ya share ido da gefen hannu. "Wawan yaro. Shekara arba'in yana ɗauke da abin da na yafe tun kafin magariba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Shi kuwa bai ba ni lokaci ba, ya miƙe da igiya a hannu ya tambaye ni a gaba nawa nake ɗaura nawa gadon. Na ce ni da tef nake aunawa, kullum mita shida. Ya dube ni kamar na ce da cokali nake noma.

Ya ja ni matakalar bene, ya tsayar da ni a saman, ya sauka ƙasa ya ajiye matashin kujera, ya ce wannan ne mazo. "Daga nan me kake gani? Gadon bayansa kawai. Ka harba, kibiya ta sauka a tsaye ta sami ƙashi, ya gudu da ita ya mutu a inda ba za ka gan shi ba. Ka wahalar da dabba, ka ciyar da kura." Ya sa na sauko har saura taki uku. "Nan kuma ga haƙarƙari a buɗe, amma warinka yana hancinsa, kana ɗaga baka ya gan ka." Ya ce ba mutum ke zaɓen tsayi ba, bishiya ce ke faɗa. A duba inda ganye ya yi duhu a bayan mutum, a duba inda iska take kai wari, a duba ko hanyar dabbar daga tudu take gangarowa, domin in daga tudu ne gaba uku ma idonsa yana daidai da naka. Maƙwabta Larabawa suna hawa suna sauka, suna raɓa mu, suna kallon tsoho yana ɗana bakan da babu shi a kan matashi. Na tambaye shi to ita waccan kanyar fa, nawa ta faɗa? Ya ce wannan tsakaninsa da ƙanensa ne.

Bayan la'asar Hadiza ta kira wayar matata ta bidiyo, aka kai wa Baba. Tsofaffin nan biyu suka ƙura wa juna ido, kowa ya kafa hanci a jikin gilashi. Gaisuwa kawai suka yi ta maimaitawa, ina gajiya, ina iyali, ina gajiya. Can Baba ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Kai ke da gaskiya."

"Na yafe tuntuni. Gaskiya kuwa da ma ni ke da ita."

Na ga leɓen Baba yana motsi, na san halin kayana. "Amma dai da reshen nan lafiyayye ne, Yaya, biyu da rabi ta isa."

"Ka ji shi ko? Bai canza ba."

Nan fa gardama ta dawo ɗanya, wannan yana kawo iska wancan yana kawo ganye, har suna katse juna. Hadiza tana dariya tana hawaye, ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin Abuya ya ɗaga murya ba. Kiran sallar magariba ne ya raba su.

Sauran kwanakina kusan kullum sai na je Shisha. Ranar da za mu wuce Madina Baffa ya ba ni dabino da jallabiya in kai wa Baba, sannan ya miƙo mini igiyar a naɗe cikin ƙyalle. Ya ce maharbin Makka ba shi da abin yi da ita, in mayar, kuma kada in kwance sai a gindin kanyar.

Sati biyu da dawowata na goya Baba a babur muka tafi bakin rafi. Kanyar tana nan, ta ƙara kauri, ga sawun mazo sabo a gindinta. Baba ya jingina sandarsa ya kwance ƙyallen. A jikin tsohuwar igiyar an ɗaura wani jan zare, sabo fil. Ya kama daga bakin igiyar yana ƙirga ƙulli da yatsa, ɗaya, biyu, sai ya tsaya. Zaren yana tsakiyar na biyu da na uku.

Ya juya mini baya ya daɗe yana kallon rafi. Ni ma na ba shi wuri, na shiga daidaita sandunan gado. Da ya juyo ya miƙo mini igiyar ya ce, "Hau ka ɗaura inda Yaya ya ce." Na sa ƙafa zan hau ke nan ya riƙo rigata, ya ɗauko sandarsa ya danƙa mini a hannu.

"Babana, buga reshen tukuna ka ji."